Google Scholar a Hannun Mai Bincike: Inda Yake da Amfani da Inda Ya Gaza

Duk ɗalibin da ya fara rubuta kundin digiri na biyu ko na uku a jami'ar da ɗakin karatunta bai biya kuɗin rajistar manyan mujallun ilimi ba, ya san cewa wuri na farko da yake nufa idan ya buɗe kwamfuta shi ne Google Scholar. Na daɗe ina taimaka wa ɗalibai daga sassa daban-daban wajen neman madogarar bincikensu, kuma mafi yawan waɗanda suke zuwa wurina sun fito ne daga fannin likitanci, da fannin hada-hadar kuɗi, da tarihin siyasa, da kuma ilimin halayyar ɗan Adam, musamman ɓangaren gwaje-gwajen ƙwaƙwalwa da ɗabi'a. Abin da na fahimta a tsawon wannan lokaci shi ne, shafin ya ƙware wajen nemo rubutu, amma ba ya tantance ingancin abin da ya nemo, kuma amfaninsa ya bambanta ƙwarai daga wannan fanni zuwa wancan.

Kamfanin Google ya ƙaddamar da shafin ne a watan Nuwamba na shekarar 2004, kuma injiniyoyi biyu, Anurag Acharya da Alex Verstak, su ne suka gina shi. Kyauta ne, ba ya buƙatar rajista kafin a yi bincike, kuma fuskarsa ba ta da hotuna ko tallace-tallace masu cinye data, abin da ya sa yake buɗewa ko a wayar hannu ko da layin intanet ya yi rauni. Yana tattaro maƙalun mujallu, da littattafai, da kundayen digiri, da takardun taruka, daga shafukan masu ɗab'i da rumbunan jami'o'i. A ƙarƙashin kowace maƙala akwai mahaɗai guda biyu waɗanda a ganina su ne ainihin darajarsa. Na farko yana nuna adadin rubuce-rubucen da suka ambaci maƙalar, tare da ba mutum damar ganin su ɗaya bayan ɗaya. Na biyu yana jero duk wuraren da aka ajiye maƙalar a intanet, kuma sau da yawa a nan ne ɗalibi zai tarar da kwafin kyauta na maƙalar da mai ɗab'i yake sayarwa a kan dala 30 ko 40, saboda marubucin ya ajiye ta a rumbun jami'arsa. Wanda ya san abin da wannan kuɗi yake nufi ga ɗalibin da ke buƙatar maƙalu hamsin ko sittin, ba zai raina wannan mahaɗi ba.

A fannin kuɗi da tattalin arziki ne na fi ganin ƙarfinsa. Dalili kuwa shi ne al'adar masana wannan fanni ta fitar da takardun aiki tun kafin mujalla ta buga su, a rumbuna irin su SSRN, wanda aka kafa a 1994, da jerin takardun cibiyar NBER ta Amurka, da RePEc. Google Scholar yana kama waɗannan duka, sannan ya haɗa takardar farko da wadda aka buga daga baya a wuri guda. Ɗalibin da ke nazarin zuba jari zai iya farawa daga maƙalar Harry Markowitz ta 1952 kan yadda ake rarraba jari don rage haɗari, ya bi sawun waɗanda suka ambace ta har ya iso ga muhawarar da ake yi a yau.

Misalin da nake yawan ba ɗalibai shi ne na masanan tattalin arziki Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff. A shekarar 2010 suka fitar da maƙalar da ta nuna cewa idan bashin gwamnati ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da ƙasa ke samarwa a shekara, bunƙasar tattalin arzikinta tana faɗuwa sosai, kuma 'yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da ita wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2013 wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, tare da malamansa Michael Ash da Robert Pollin, suka duba lissafin, suka gano cewa kuskure a jadawalin Excel ya fitar da ƙasashe biyar daga wani matsakaicin lissafi, ban da wasu zaɓuɓɓukan lissafi da suka yi suka a kansu. Da suka sake lissafin, sai matsakaicin bunƙasar ƙasashe masu irin wannan bashi ya tashi daga ƙasa da sifili kaɗan zuwa kashi 2.2 cikin ɗari. Wanda ya nemi batun bashi da bunƙasa a Google Scholar zai ga maƙalar farko da dubban ambato, kuma shafin ba zai sanar da shi cewa an yi mata raddi ba. Sai ya shiga jerin waɗanda suka ambace ta ya bincika a cikinsu ne zai ci karo da raddin. Kayan aikin yana nan, amma sai mai amfani ya san cewa wajibi ne ya yi wannan mataki na biyu.

A likitanci lamarin ya fi nauyi, domin abin da aka karanta yana iya ƙarewa a jikin marar lafiya. A nan ina ganin Google Scholar ya dace da matakin farko kawai. PubMed, wanda Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasar Amurka yake gudanarwa kuma shi ma kyauta ne, yana da tsarin kalmomi da ake kira MeSH, inda ake sanya wa maƙala alamar batunta, ta yadda cuta ɗaya mai sunaye uku za ta fito a bincike guda. Yana kuma barin mutum ya tace sakamako bisa nau'in bincike, misali ya ce gwajin magani da aka raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a kaɗai yake so. Google Scholar ba shi da irin wannan tacewa mai zurfi. Ba ya nuna fiye da sakamako 1,000 a kowane bincike ko da ya ce ya samo dubu ɗari, yana taƙaita tsawon jimlar neman da za a iya rubutawa, kuma kamfanin bai wallafa jerin mujallun da yake tattarowa daga gare su ba. Ga wanda yake rubuta bita mai tsari irin ta Cochrane (ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken likitanci tana tantance shi), wadda dole ne wani ya iya maimaita hanyar nemanta ya samu abin da aka samu, waɗannan gazawa ce babba.

Sai kuma batun maƙalun da aka janye. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998 a mujallar The Lancet, wadda ta nuna kamar allurar da ke rigakafin ƙyanda da wasu cututtuka biyu a haɗe tana da alaƙa da matsalar galahanga bisa nazarin yara 12 kacal, mujallar ta janye ta a watan Fabrairun 2010, amma an ci gaba da ambatonta, yawanci don a yi bayanin ɓarnar da ta jawo. Adadin ambato ba ya bambanta wanda ya ambaci maƙala don ya yarda da ita da wanda ya ambace ta don ya ƙaryata ta. A ƙasar da jita-jita kan rigakafi ta taɓa dakatar da allurar shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003, bai kamata ɗalibin likitanci ya ɗauki yawan ambato a matsayin shaidar gaskiya ba.

Wannan ya kai ni ga abin da ya fi damuna game da shafin. Tun daga 2011 kowane malami zai iya buɗe shafinsa na kansa da ke nuna adadin ambatonsa da ma'aunin h, wanda masanin kimiyyar fiziks Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005. Ma'aunin yana da sauƙin fahimta: malamin da ma'auninsa ya kai 10 yana da maƙalu 10 da aka ambaci kowace aƙalla sau 10. Matsalar ita ce, tun da shafin yana ƙirga duk abin da ya yi kama da maƙalar ilimi, ana iya yaudarar sa. A 2010 Cyril Labbé, wani masanin kwamfuta a Grenoble ta Faransa, ya ƙirƙiri marubucin da babu shi a duniya mai suna Ike Antkare, ya sa manhaja ta haɗa maƙalu fiye da 100 marasa ma'ana waɗanda suke ambaton juna, kuma wannan suna ya samu ma'aunin h na 94, sama da na Albert Einstein a lokacin. Haka nan mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai ba tare da tantancewar masana ba suna fitowa a sakamako kafaɗa da kafaɗa da mujallu masu daraja. Ina ganin kwamitocin ƙarin girma da ke duba wannan lamba kaɗai suna zaluntar malamin da ya yi aiki kaɗan mai nauyi, kuma suna buɗe ƙofa ga mai neman gajeriyar hanya.

A ɓangaren gwaje-gwajen ƙwaƙwalwa da ɗabi'a, ɗalibai sukan zo da tsammanin za su samu takardar gwajin kanta, sai su tarar da maƙalu game da gwajin kawai. Wannan ba laifin shafin ba ne. Gwaje-gwaje irin na basira na Wechsler, ko gwajin ɗabi'a na MMPI da aka fara wallafawa a Jami'ar Minnesota a 1943, suna ƙarƙashin haƙƙin mallaka, kuma ana sayar da su ne ga waɗanda suka cancanta kaɗai, domin idan tambayoyin suka bazu sai gwajin ya rasa amfaninsa. Wasu kuwa kyauta ne, kamar PHQ-9, mai tambayoyi tara don auna alamun baƙin ciki mai tsanani, wanda aka wallafa tabbatar da ingancinsa a 2001. Inda Google Scholar yake da amfani na gaske a nan shi ne wajen gano ko an taɓa fassara gwajin zuwa Hausa kuma an auna ingancinsa a kan mutanenmu. Tambayar da aka tsara don ɗalibin jami'a a Amurka ba lallai ne ta auna abu ɗaya a wurin manomi a Gumel ko matar aure a Maradi ba, kuma fassara kaɗai ba ta isa ba sai an sake gwada ta. Dole ne kuma a karanta sakamakon wannan fanni da natsuwa, ganin cewa a 2015 wata babbar tawagar masana ta maimaita nazarce-nazarce 100 na ilimin halayya, kuma kusan kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfin da ake buƙata. Maƙalun asali na nan a shafin tare da ambatonsu, ba tare da wata alama ba.

Tarihin siyasa ne fannin da na fi gargaɗin ɗalibai a kansa. Idan batun ya shafi juyin juya halin Faransa ko yaƙin cacar baka, abin da ke shafin ya wadata. Idan kuwa ya shafi Daular Usmaniyya ta Sakkwato, ko jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, ko Sawaba ta Djibo Bakary a Nijar, to abin da zai fito wani yanki ne ƙarami na abin da ke akwai. Masana tarihi sun fi rubuta littattafai a kan maƙalu, kuma asalin madogararsu takardu ne da ba a taɓa sa su a intanet ba: fayilolin mulkin mallaka a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da tarin da ke Gidan Arewa, da rubuce-rubucen Larabci da na ajami a Sakkwato da Yamai, da tsofaffin kofen jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, da kundayen digiri masu yawa na Zariya da Kano da har yanzu suke kan kanta. Ga kuma matsalar rubutun sunaye. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana fitowa a matsayin Usman dan Fodio, da Uthman ibn Fudi, da Usuman dan Fodio, kuma kowane salo yana kawo nasa sakamakon, don haka dole ne a nemi kowanne daban. Mai binciken tarihin Nijar kuwa sai ya yi nemansa da Faransanci, ya rubuta Zinder inda zai ce Damagaram. Ina ba ɗaliban wannan fanni shawarar su haɗa shi da rumbun mujallu na JSTOR, inda tsofaffin fitowar mujallar Ƙungiyar Tarihi ta Najeriya suke, da kuma AJOL da ke tattara mujallun Afirka, sannan su ware kuɗin mota da kwanakin da za su zauna a ma'ajiyar takardu.

Akwai ƙananan abubuwa da suka cancanci yabo a taƙaice. Yana tsara madogara a salon APA ko Chicago ko Vancouver da dannawa ɗaya, ko da yake wajibi ne a duba ta da ido domin wani lokaci shekara ko sunan marubuci yakan fito ba daidai ba. Yana kuma aiko da saƙon imel duk lokacin da sabuwar maƙala ta fito kan batun da mutum ya zaɓa, abin da ke taimakon ɗalibin da kundinsa zai ɗauki shekara uku ko huɗu.

Ina ba da shawarar amfani da shi ga kowa a waɗannan fannoni huɗu, amma ba a mataki ɗaya ba. Ɗalibin kuɗi zai iya gina mafi yawan bitar ayyukan magabata a kansa, muddin yana bin sawun raddi. Ɗalibin likitanci ya fara da PubMed, ya dawo Google Scholar don neman kwafin kyauta da kuma ganin waɗanda suka ambaci maƙala. Ɗalibin ilimin halayya ya nemi shaidar ingancin gwaji a nan, ya nemi izinin gwajin kansa ta hannun sashensa. Ɗalibin tarihin siyasar ƙasar Hausa kuwa ya yi amfani da shi don ya san waɗanda suka riga shi rubutu da kuma ma'ajiyoyin da suka ambata a ƙasan shafukansu, daga nan ya tashi ya tafi can da kansa.