Waƙar Sifaniyanci mai murya bisa murya: wane faifai za ka fara saye?

Idan kuɗin faifai ɗaya kacal gare ka, kuma irin waƙar nan ta Sifaniyanci kake nema wadda ake haɗa kiɗan gargajiya da sautin na'ura, ana ɗora murya kan murya, to ka sayi Un Día na Juana Molina. Na faɗa tun da wuri don kada ka ce na ja ka da nisa. Sauran bayanin na wanda ke son ya san dalili ne, da kuma wanda ba ya son a sayar masa da jabu kamar yadda aka yi mini.

Juana Molina 'yar Ajantina ce, haifaffiyar Buenos Aires a 1961. Mahaifinta, Horacio Molina, mawaƙin tango ne. Da sojoji suka ƙwace mulki a 1976 iyalin suka yi hijira zuwa Paris, can ta yi wasu shekaru kafin ta dawo gida. Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihinta shi ne ba da waƙa aka fara saninta ba. 'Yar wasan barkwanci ce a talabijin, tana da shirinta na kanta a farkon shekarun 1990, duk ƙasar na dariya, sai ta ajiye komai ta rungumi jita. Mutanenta ba su yafe mata da wuri ba. Faifanta na farko, Rara na 1996, bai yi kasuwa ba, kuma kai ma ba sai ka neme shi ba, domin lokacin ba ta gano hanyarta ba tukuna.

Yadda take aiki shi ne abin da kake biya. Tana da wata na'ura da ake takawa da ƙafa, mai ɗaukar ɗan gajeren sauti ta yi ta maimaita shi. Sai ta kaɗa jita na 'yan daƙiƙu, ta taka, abin ya shiga zagaye. Ta rera wani abu a kai, ta taka. Ta ƙara wata muryar a sama, wata a ƙasa, wata ko kalma babu sai gunaguni, ta zuba sautin piyanon lantarki mai ɗan karkata kamar an bar shi a rana. Kafin ka ankara mace ɗaya ta zama zabiya da 'yan amshinta da makaɗanta gaba ɗaya. A Un Día, wanda kamfanin Domino ya fitar a 2008, wannan dabara ta kai maƙura. Waƙoƙi 8 ne, galibinsu dogaye, kuma kalmomi sun ja baya, murya ta koma abin kiɗa. Wannan ya yi mana daidai mu da ba ma jin Sifaniyanci, tunda babu abin da ya wuce ka sosai.

Waƙar farko ba ta yin sallama. Da ka kunna sai ka tsinci kanka a tsakiyar hayaniya, muryoyi na karo da juna kamar luguden mata uku a turmi ɗaya, kowace taɓarya da lokacinta, babu wadda ta bugi 'yar'uwarta. Ranar da na fara ji da iyafis mai kyau sai da na juya in ga wa ke magana ta bayana na hagu, alhali ni kaɗai ne a ɗakin. Na saurare shi ya fi a ƙirga, kuma har yanzu nakan tsinci wata siririyar murya a ƙasa da ban taɓa lura da ita ba.

Sauran faya-fayanta fa? Segundo na 2000 a gida ta naɗe shi, a hankali yake tafiya kamar mai gyangyaɗi, kuma shi ya fara sa aka san ta a Japan kafin Turai. Na biyu ne a wurina a cikin faya-fayanta, musamman fitowar 2021 da aka sake gyara sautinsa. Halo na 2017, daga kamfanin Crammed Discs na Beljiyam, shi ya fi tsabtar sauti, da duhu-duhu a cikinsa. Sunan ma daga camfin mutanen karkarar Ajantina yake, na wani haske da ake cewa yana shawagi da dare a inda aka binne ƙasusuwa. In ka fi son sauti mai kauri a lasifika, fara da shi, ba zan yi fushi ba. Tres Cosas da Son suna da daɗi, sai dai sun yi sanyi ga mai farawa.

Akwai wasu mawaƙan da za a ce maka ka saya. El Mal Querer na Rosalía, 2018, filamenko ne, wato kiɗan gargajiyar kudancin Sifaniya, da tafi da sautin zamani, aiki ne mai kyau, amma ko'ina ana jin sa, ba shi ke buƙatar kuɗinka ba. Nicola Cruz na Ikwado da Chancha Vía Circuito na Ajantina kiɗan rawa ne da sarewar tsaunukan Andes, murya kaɗan ce. Rodrigo Cuevas da yawan waƙoƙinsa da harshen Asturiya yake yi, don haka in Sifaniyanci ka zo koyo ka yi ɓatan kai. Wadda kawai ta sa na ɗan yi jinkiri ita ce Lido Pimienta, 'yar Barankiya ta Kolambiya da ke zaune a Kanada. Miss Colombia na 2020 yana da ganguna na gaske, har da makaɗan garin San Basilio de Palenque, zuriyar bayin Afirka da suka tsere suka kafa garinsu. Kunnen da ya saba da kalangu zai ji kamar gida. Saye na biyu ke nan, in aljihu ya yarda.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Ni a yau ma'aunina na farko ba daɗin waƙa ba ne, tambayata ita ce: zan iya samun kwafi na asali daga hannun mai shi? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Shekarun baya na ga wani mai sayarwa a intanet ya sa faifan CD na Un Día da kusan rabin kuɗin da sauran ke nema. Hoto mai kyau, an rubuta sabo fil a leda. Na biya, na sa aka kai wa wani abokina a Ingila, na jira wata biyu kafin ya zo da shi. Da na buɗe, takardar bangon har tana kama yatsa, launin ya yi dishi-dishi kamar hoton biki da aka wanke a gaggauce. Na juya faifan, cikinsa shuɗi-shuɗi. Na kunna, muryoyin da ya kamata su rarrabu sun cakuɗe sun zama dambu. Wani ne ya sauko da MP3 mai rauni ya ƙona a faifan banza. Na rubuta masa, shagon ya ɓace.

Irin wannan waƙa ta fi kowace shan wahala a hannun jabu, kuma akwai dalili. MP3 yana rage nauyin waƙa ne ta hanyar zubar da sautukan da ya ɗauka kunne ba zai lura ba, wato masu siriri da waɗanda ke ɓoye a bayan masu ƙarfi. To a nan waɗannan ɓoyayyun su ne abincin. Waƙar da ke da murya ɗaya da ganga ɗaya za ta jure, amma mai murya goma a jere ba za ta jure ba.

Saboda haka in CD ne, juya shi tukuna. Na kamfani cikinsa fari ne kamar azurfa, kuma a zoben tsakiya akwai ƙananan lambobi da haruffan IFPI. Wanda aka ƙona a gida yakan yi shuɗi ko kore, ana ganin iyakar inda rubutun ya tsaya. In faifan garmaho ne, sa mai sayarwa ya ɗauko maka hoton lambobin da aka zana a santsin da ke kusa da tambarin tsakiya, ka gwada da abin da ke Discogs, shafin intanet da ke tattara bayanan faya-fayai. In ya fara kame-kame, bar shi, ba a cinikin biri a sama. Kuma ko na asali ne, zafi abokin gabarsa ne: yini ɗaya a bayan mota a watan Afrilu ya isa ya lanƙwasa shi kamar faifan tuwo da aka zauna a kai.

Masu rarraba waƙa kyauta a Telegram suna rubuta FLAC, wato tsarin ajiye waƙa da ba ya zubar da sauti, su ma ka yi hattara da su. Sau da yawa MP3 ne aka sauya wa riga, nauyi ya ƙaru, sautin da aka zubar bai dawo ba. Akwai wata 'yar manhaja kyauta, Spek, da ke zana hoton sauti: in ka ga an yanke saman hoton ƙat a wajen 16 kHz kamar da reza, daga MP3 mai rauni aka samo shi. Masu tura waƙa a kasuwa kuwa, Allah Ya ba su haƙuri, ba cuta suke nufi ba, amma na taɓa cewa wani ya tura mini Halo, na dawo gida na tarar da wata shahararriyar waƙar Turanci mai wannan suna har kala huɗu. Sabon salo kuma shi ne waƙoƙin da kwamfuta ke ƙirƙira ana liƙa su a shafin mawaƙi na gaske a manhajojin sauraro. In ka ga sabuwar waƙa da wani baƙon bango, babu sunan kamfanin da aka san mawaƙin da shi, kada ka yi saurin murna.

Ni dai yanzu Bandcamp, kasuwar sayar da waƙa ta intanet, nake fara dubawa, shafin mawaƙin ko na kamfaninsa, ko kuma shagon kamfanin kai tsaye. A Bandcamp kana iya saurare kafin ka biya, ka zaɓi FLAC, ka sake saukewa in waya ta ɓata. Akwai wasu ranakun Juma'a da suke yafe kasonsu, abin da suka fara tun Maris 2020, kuɗin ya tafi ga mawaƙa da kamfanoninsu, don haka in ba ka cikin gaggawa jira irin ranar. Kafin ka danna biya, tabbatar katinka yana cire kuɗin waje, kuma ka tanadi sarari a waya, domin faifai ɗaya na FLAC yakan ci megabait ɗari biyu zuwa uku.