Na'urar OBD2 ko manhajar waya: amsa ga mai 350Z

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka a kan Nissan 350Z ɗinka ƙirar 2004 da aka canza wa salansa da matatar iska, wato ko na'urar OBD2, wadda ake sokawa a mota ta karanto bayanan inji, za ka saya ko manhajar waya mai auna gudu, domin ka san dokin da ke cikinta, wato ƙarfin injinta, kafin a ɗora ta kan daino, na'urar da ake hawar da mota a kai a auna ƙarfinta. Na'urar za ka saya. Dukansu biyun sun ci kuɗina, amma ɗaya ce kawai ta biya ni.

Dalilin da ya sa na'urar ke aiki shi ne inji ba ya bayar da ƙarfi sai gwargwadon iskar da ya shaƙa, kuma motarka tana da sensa a bayan matatar iska, wadda ake kira MAF, da ke auna nauyin iskar da ke shiga, giram nawa a kowace daƙiƙa. Aikin na'urar kawai ta ɗauko wannan adadi daga ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta, ta nuna maka a waya. Lissafin da masu gyaran inji suka saba yi shi ne a ɗauki adadi mafi girma da aka gani yayin da aka taka totur har ƙasa, a raba shi da 0.8, abin da ya fito shi ne kusan dokin injin. Injin motarka, VQ35DE, ya baro kamfani da doki 287 a juyi 6,200 a minti, saboda haka lafiyayye ya kamata ya shaƙi kusan giram 230. Idan ka ga abin da ya haura haka da kaɗan, gyaran da aka yi ya ƙara wani abu. Idan ka ga 200, to ka ajiye batun daino tukuna ka nemi bakanike.

Ni a kan BMW 330i ɗina 'yar Kwatano na koyi wannan, wadda a takarda doki 225 ne da ita, kamar yawancin waɗanda aka ƙera wa kasuwar Amurka tsakanin 2001 da 2005. Wata safiya a lokacin hunturu, bayan sallar asuba, muka fita hanyar Bodinga da ƙanena yana riƙe da wayar, na taka ta a giya ta biyu har allura ta kusa jan layi, sai ya ce mini 150 ya gani. Na ce ya sake dubawa. Muka maimaita sau uku, ba ta wuce 152 ba, wato doki 190 ke nan, alhali ni a majalisa ina ta cika baki cewa ta wuce yadda kamfani ya yi ta. Da muka kwance sensar a gida sai ga ta ta yi baƙi ƙirin, domin ni da hannuna na cika wa sabuwar matatar mai, man ya bi iska ya manne a jikinta, ƙurar Sakkwato kuma ta zo ta zauna a kai. Muka fesa mata maganin wanke sensa, muka bar ta ta bushe a inuwa ba tare da an taɓa ta da yatsa ba, washegari ta nuna 171, wato kusan doki 214. Ga motar da ta haura shekara ashirin, na gode wa Allah. Ba domin wannan 'yar na'ura ba, da na biya kuɗin daino na dawo ina zargin injin da ba shi da laifi.

Akwai abin da ya kamata ka kiyaye. Idan wanda ya yi maka aikin ya canza bututun da sensar ke zaune a ciki da wani mai faɗi, ba tare da an gyara lissafin ƙwaƙwalwar ba, adadin da za ka gani zai yi ƙasa da gaskiya. Haka nan zafi yana rage nauyin iska: ma'aunin ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE da daino ke daidaita sakamako da shi yana ɗaukar digiri 25 ne, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40, kuma kowane digiri shida na ƙari yana cinye kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfin. Shi ya sa ya fi kyau ka auna da asuba. Giya ta biyu ta wadatar, domin ta uku a 350Z za ta kai ka gudun da bai dace da hanyar da babura da tumaki ke ratsawa ba. Sannan ka zaɓi abu biyu kawai a allon, iska da juyin inji, saboda motoci da yawa na kafin 2008 a hankali suke aiko da bayani, idan ka cika allon da agoguna sai ƙololuwar ta wuce ba a kama ta ba.

Manhajar waya kuwa, tana aiki idan ka san ainihin nauyin motar kuma kana da hanya shimfiɗaɗɗiya mai tsawon mita 402, amma da yake lissafinta gudu ne sau gudu sau gudu, kuskuren kashi 3 a gudu yana zama kusan kashi 9 a doki. Wadda na biya wa kuɗi ta ba ni 260 a tafiya da 190 a dawowa, a hanya ɗaya, na goge ta.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai waɗanda za su lissafa maka cewa salansa ta ƙara doki 20, matata ta ƙara 15, sai su haɗa su ɗora a kan 287 su ce motar tana da 322, alhali a injin da ba shi da turbo waɗannan kayan ba sa taruwa kamar kuɗin adashi. Wasu kuma sukan sayar da tsohon injin da sunan VQ35HR mai doki 306, wanda bai fito ba sai 2007. Ka buɗe bonet, HR bututun iska biyu gare shi, ɗaya ta kowane gefe, naka kuwa ɗaya ne. Ita ma na'urar jabunta ya cika kasuwa, yawanci da sunan ELM327 a jiki, saboda haka kada ka biya sai an soka ta a ƙarƙashin sitiyarin motarka ka ga adadin iska yana motsi idan ka taka totur.

Abu na ƙarshe, adadin da na'urar za ta ba ka na inji ne, daino kuma a taya yake aunawa, bayan giyabos da sauran ƙarafan da ke kai ƙarfi baya sun ci nasu rabon, kusan kashi 15. Doki 287 a inji yana komawa wajen 244 a taya. Idan injinka lafiya yake, hasashena takardar za ta nuna tsakanin 235 da 250. Ka turo mana adadin iskar idan ka auna, tare da zafin garin a lokacin, sai mu yi lissafin tare.