Firebase Performance ya nuna min abin da wayata ba ta nuna min ba

Masu haɗa manhajar Android, duk wanda ya san kwastomominsa 'yan Tecno da Itel da Infinix ne, don Allah ya saka Firebase Performance Monitoring, wato ma'aunin Google na saurin manhaja a wayoyin masu amfani, kafin ya ɗora aikinsa a Play Store. Wallahi ban zaci abin kyauta zai yi min aiki haka ba.

Akwai manhajar da na haɗa wa wani Alhaji mai sayar da kayan masarufi a sari nan Kano, masu shaguna su shiga su ga farashi su yi oda a kai musu. Tunda muka sake ta ƙorafin ɗaya ne kullum, wai tana daskarewa, wai ka danna sai ka ajiye wayar ka sallami kwastoma ka dawo ba ta gama buɗewa ba. Ni kuma a wayata gudu take lafiya ƙalau, Crashlytics, mai kawo rahoto in manhaja ta mutu, shi ma shiru yake tunda ba mutuwa take yi ba, nauyi ne kawai. Har Alhaji ya kira ni rai a ɓace ya ce, "Injiniya, mutanen nan fa sun koma kirana a waya kamar da, to ina amfanin kuɗin da na kashe?" Maganar ta tsaya min a rai sosai don gaskiya ya faɗa.

Sai na ƙara Firebase Performance ɗin a Gradle, wato abin da ke harhaɗa manhajar Android, na tura sabon bashan. Ban rubuta wani kod na musamman ba, da kansa yake auna lokacin da manhaja ke ɗauka kafin ta buɗe, da yadda kowane shafi ke motsi, da duk buƙatar da ta tura wa sabar, tsawon jiran amsa da girman abin da ya dawo. Firem, wato kowane zanen allo guda da manhaja ke fitarwa, wanda ya wuce milisakan 16 yana lissafa shi a mai nauyi, wanda ya wuce 700 kuma daskararre ne. Inda ya burge ni shi ne tacewa, za ka iya ware bayanan da samfurin waya, da bashan ɗin Android, da kamfanin layi, da ko mutum a kan waifai yake ko datar waya. Ina tacewa da ƙananan wayoyi masu RAM 2GB sai ga shafin jerin kaya ya fito fili, nan duk daskarewar take. Na leƙa ɓangaren netwok, ashe yaran shago hoton buhun shinkafa da katan ɗin taliya suke ɗauka su ɗora shi yadda kyamara ta fitar, kowane hoto da nauyinsa, mai ƙaramar waya a cikin kasuwar Singa inda sabis ke wahala shi zai sauke su duka kuma da datarsa. Na sa sabar ta riƙa matse hoto tun wajen ɗorawa, jerin kuma ya riƙa ɗauko ƙanana, a bashan na gaba da idona na ga layin jadawalin daskarewar ya sauko a dashbod ɗin Firebase. Alhamdulillahi, ranar na yi barci mai daɗi.

Amma fa duk sanda na tuna wata manhajar sa ido ta kuɗi da na biya kafin wannan sai raina ya sake ɓaci, ba zan kama suna ba. Da dala ake biyansu, ga wahalar neman katin da zai wuce, ga canji yadda yake, kuma wata bai yi nisa ba suka ce na cinye kasona sai na ƙara kuɗi, daidai lokacin da nake tsananin buƙatar bayanan. Na tura musu saƙo, amsar da ta dawo ta inji ce. Wannan kuɗin har yau yana min ciwo.

Kuma kar wani ya ɗauka Firebase ɗin zai yi masa gyara, wurin ciwon kawai yake nunawa. Irin aikin da ke cikin manhajarka kai kaɗai, kamar lissafin kuɗin oda, sai ka saka masa ma'auni da hannunka. Ni ina haɗa shi da Android vitals, wato rahoton lafiyar manhaja da ke cikin Play Console, shafin masu ɗora manhaja a Play Store, don can nake duba ANR, wato manhaja ta ƙi amsa taɓawa har sakan 5, kuma in masu fuskantar haka suka haura kashi 0.47 cikin 100 na masu amfani a rana Google na iya rage nuna manhajarka a Play Store. Yanzu abin da ya rage min shafin biyan kuɗi ne, shi ma na saka masa ma'auni ina jiran masu shaguna su sabunta.