Ironman na Gqeberha: abin da kuɗina suka saya mini

Tun da na dawo daga Afirka ta Kudu abokan da muke tuƙa keke tare a Abuja suke yi mini tambaya ɗaya: shin gasar nan ta kai kuɗin da ake zubawa a kanta? Ta kai, har da ƙari, amma ga wanda ya riga ya saba da teku. Wanda iyonsa duk a kwamin ninƙaya na otal yake, ina roƙonsa ya karanta wannan kafin ya biya ko sisi.

Ga wanda bai sani ba, Ironman wasa uku ne a jere ba hutu: iyo kilomita 3.8, keke kilomita 180, sannan gudu kilomita 42.2, duka cikin sa'o'i 17. A Hawai aka fara shi a 1978. Na nahiyarmu ana yin sa a Gqeberha, garin Afirka ta Kudu da ake kira Port Elizabeth kafin a canza masa suna a 2021. Ni ba ƙwararre ba ne, ma'aikacin ofis ne mai atisaye bayan sallar asuba da ƙarshen mako.

Kuɗin rajista kaɗai ya isa ya sa mutum tunani idan ya juya shi zuwa naira, ga biza, ga jirgi daga Legas zuwa Johannesburg, ga wani jirgin zuwa bakin teku, ga kuɗin akwatin keke. A nan ne raina ya ɓaci: kamfanin jirgin da na biya kuɗin kaya na musamman ya miƙo mini akwatin a tsage, ƙarfen da ke riƙe giyar baya ya lanƙwashe. Makanikan da ke wurin rajista ne suka cece ni. Wani dattijo ya ɗora keken a kan maratayi, ya miƙe ƙarfen a hankali, yana juya feda yana kasa kunne, bai sake shi ba sai da sarƙa ta daina ƙara.

Daga bakin ruwan Hobie ake tashi, kusa da gadar Shark Rock. Ba a sakin mutane gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan ake turawa, kuma lokacinka yana farawa ne sa'ad da na'urar da aka ɗaura maka a idon sawu ta tsallaka layi. Wannan tsari ya rage turereniya sosai. Ana barin irinmu da ba ƙwararru ba mu sa rigar roba mai kare sanyi matuƙar ɗumin ruwan bai wuce digiri 24.5 ba, to amma ko da rigar, sanyin farko sai da ya kama mini ƙirji har numfashi ya riƙa yankewa. A kwami akwai baƙin layi a ƙasa da kake bi. A teku babu komai sai ruwa mai duhu, igiyar ruwa ta ɗaga ka ka hango alamar da za ka zagaya, ta sauke ka alamar ta ɓace. Gishiri ya cika baki, wani ya hau ƙafarka, wani ya doke ka da gwiwar hannu ba da gangan ba.

A nan na gane abin da na biya. Duk inda na ɗaga kai akwai mai ceto a kan kwale-kwale, idonsa a kanmu. Doka ta yarda ka riƙe kwale-kwalen ka huta, in dai ba zai ja ka gaba ba. Na riƙe ɗaya na ɗan lokaci, yarinyar da ke kai ta tambaye ni lambata, ta sa na ja numfashi a hankali, ta nuna mini inda alama take, sai da ta ga idona ya dawo daidai sannan ta ce in tafi. Sa'a 2 da minti 20 ake bayarwa a fito daga ruwa, wanda ya wuce haka gasarsa ta ƙare tun da safe. Na ga waɗanda abin ya faɗa wa, kuma har yau ina jin tausayinsu.

Keke kuwa labarin iska ne. Ba banza ake wa garin laƙabi da birni mai iska ba. Idan tana bayanka sai ka ji kamar ana tura ka, da ka juyo sai ka ga kana taka feda da dukkan ƙarfinka keken na rarrafe. Ba ka da damar laɓewa bayan wani don ya tare maka iska, domin dole ka bar tazarar mita 12, alƙalai na yawo a kan babura, wanda suka kama sai ya tsaya a rumfar horo. Kwalta ba ta da santsi a wasu wurare, na ga kwalaben ruwa da yawa da suka zubo a hanya. Wuraren shan ruwa dai ba su taɓa ƙarewa da kaya ba, har ga mu na baya.

Abin da ya fi damuna kafin tafiya shi ne salla. A matsayina na matafiyi na yi niyyar haɗa azahar da la'asar bayan na sauka daga keke, don haka na sa dogon wando a jakar kayan gudu. Agogo ba ya tsayawa don kana canza kaya, na san da haka. Da na gaya wa wani ɗan sa kai abin da nake so, bai yi mini kallon mamaki ba. Ya kawo ruwa na yi alwala, ya janye kujeru biyu a gefen tanti, ya tsaya yana kare ni daga masu wucewa. Ruku'u bayan kilomita 180 ba wasa ba ne, cinyoyina rawa suke yi, amma da na sallame sai na ji hankalina ya kwanta fiye da kowane lokaci a ranar. Wannan mutumin ban san sunansa ba, ina yi masa fatan alheri.

Gudun ana yin sa ne a titin bakin teku, a je a dawo, kuma mutanen gari sun cika gefen hanya suna kiran sunan da ke jikin lambarka. Cikina ya ƙi karɓar kayan zaƙi tun kafin rabi, dankali da gishiri da ɗan lemon kwalba ne suka riƙe ni. Bayan faɗuwar rana sanyi ya sauko, wanda ya sa riga mai dogon hannu a jakar da ake ajiye wa kowa a tsakiyar hanya ya ji daɗi. Na shiga layin ƙarshe dare ya yi, aka rataya mini lambar yabo, wani ya riƙe ni har tantin likitoci ya tabbatar ina iya tsayuwa da kaina.

Wanda yake da niyya ya fara da rabin tazarar, wato gasar da ake kira 70.3 saboda jimlar tazararta mil 70.3 ce, irin wanda ake yi a Durban: iyo kilomita 1.9, keke 90, gudu 21.1. Ya kuma isa garin da wuri ya shiga tekun kafin ranar gasa. Sannan ya duba kalanda, domin wajajen Maris ko Afrilu ake yin ta, kuma makonnin atisaye mafi nauyi suna iya faɗawa cikin azumi.