Sabbin faifai ko sabon akwatin NAS: ina ya kamata kuɗin ya tafi?

Malam, ka ce NAS ɗinka, wato akwatin ajiyar fayiloli da ke jone da rautar gida, mai gurbin faifai biyu ne, da faifai biyu masu tera (terabait) bibbiyu a ciki, ya cika da hotunan biki da bidiyon aikinka, kana tambaya ko ka sauya faifan kawai ko ka daure ka sayi mai gurbi huɗu. Ga yadda nake auna su.

Idan ka bar akwatin ka sayi faifai biyu masu tera takwas, a tsarin RAID 1 da kake kai, wanda kowane faifai ke kwafin ɗan'uwansa, tera takwas za ka samu. Kada ka razana idan na'ura ta nuna maka kusan 7.2, bambancin lissafi ne, ba cuta ba. Ninki huɗu ke nan na abin da kake da shi yanzu. Sai dai ka fara duba shafin kamfanin, domin wasu tsofaffin samfuran kamfanin NAS na Synology ba sa wuce tera 16 a ɗaki guda na ajiya. Sauyin kuma ɗaya bayan ɗaya ake yi: ka zare faifai ɗaya, ka sa sabo, ka jira ya gama kwafa, sannan na biyu. Yakan ci awanni da yawa.

Mai gurbi huɗu fa'idarsa a rabo take. A RAID 5, tsarin da ke rarraba bayanai a faifai uku ko fiye, ko makamancinsa SHR na Synology, girman faifai ɗaya kawai ake sadaukarwa don kariya. Uku masu tera takwas su ba ka 16, ga gurbi ɗaya yana jiran gaba. Amma kuɗin akwatin daban ne, babu ko faifai ɗaya a ciki, kuma da dala ake lissafinsa ko a France Road ta nan Kano ka saya ko ka yi odarsa daga waje. Wuta ma ya fi ci: DS224+ mai gurbi biyu yana jan kusan wat 15 in yana aiki, DS923+ kuma kusan 35. Ga mai dogaro da inbata da sola, dare da rana, wannan bambancin a batir zai ji shi.

Kada kuma ka saya don gudu. Muddin rautarka da kebul ɗin gidanka na gigabit ne, ba za ka wuce kusan megabait 110 a daƙiƙa ba, kuma tsohon akwatin ma yana iya kusantar haka.

A ganina, kai hanya ta farko ta fi dacewa da kai, sai dai idan bidiyon da kake tarawa ya kai tera uku ko huɗu a shekara. Dalilina shi ne akwai abubuwa biyu da suka fi sabon akwati bukatar kuɗinka a garin nan.

Na farko UPS, batirin da ke riƙe na'ura na ɗan lokaci, mai kebul ɗin USB da ke magana da NAS, ta yadda in an ɗauke wuta zai rufe kansa cikin tsari. Ɗaukewar wuta a tsakiyar kwafin nan da na ambata ita ce abin tsoro, saboda a lokacin faifai ɗaya tak a cikin akwatin ke riƙe da komai naka. Na biyu faifan waje na USB da za ka riƙa kwafar komai a kai, ka zare, ka ajiye a shago ko gidan wani ɗan'uwa. RAID yana kare ka daga mutuwar faifai ne kawai. Idan yaro ya goge babban fayil, a duka biyun ya goge. Idan wuta ta dawo da ƙarfi ko ɓarawo ya shigo, duka za su tafi tare. Ba a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya, balle hotunan auren mutane da suka ba ka amana.

Wajen sayen faifai, don Allah ka karanta rubutun jikinsa. A 2020 aka gano wasu faifan WD Red masu tera biyu zuwa shida na fasahar rubuta bayanai ta SMR ne, wadda ke rarrafe sosai wajen sake gina RAID, shi ya sa kamfanin ya ware Red Plus a matsayin CMR, fasahar da ba ta da wannan matsalar. Ka nemi Red Plus ko IronWolf na Seagate. Na gwanjo kuwa, komai arharsu, ka sa a jona maka a kwamfuta nan take ka ga bayanan SMART: awa nawa ya yi yana aiki, kuma ko akwai sassan da suka lalace. Wanda ya haura awa 30,000 ya yi fiye da shekara uku yana juyawa ba hutu. Ni ba zan ɗora masa aikin mutane ba.

Sai wurin ajiya, wanda bai cin ko sisi. Zafin Afrilu a Kano yana haura digiri 40, faifai kuma ba ya son zafi, don haka kada ka kulle akwatin a durowar talabijin. Ka ɗaga shi daga ƙasa inda iska ke ratsawa, bayan hunturu kuma ka kashe shi, ka zare faifan, ka busa ƙurar da ta toshe fankar baya. Tsofaffin faifanka biyu kada ka sayar. Ka saya musu gidan USB, su zama kwafin farko na abin da ya fi muhimmanci bayan ka gama sauyin.