Flathead ko Chevy 350: wanne za ka ɗora wa tsohuwar Ford ɗinka?

Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Injinan nan masu silinda takwas da ka tambaya wanne za ka ɗora wa tsohuwar Ford ɗinka, wato flathead na Ford (mai shafaffen kai, bawul ɗinsa a cikin bulok) da 350 na Chevrolet (lambar nan girman cikin silindunsa ce a ma'aunin inci kubik), duka biyun sun ratsa hannuna a nan Amurka, don haka ba zan yi maka kwana-kwana ba: ɗauki 350.

Nawa daga cikin wata tsohuwar a-kori-kura na ciro shi, a filin da ake jibge matattun motoci. Ya yi baƙi ƙirin da dattin mai, amma da na sa sifana na murza karanshaf sai ya juya sumul. Hunturu guda muka yi a kansa ni da babban ɗana, kullum bayan isha'i. Muka fasa shi kaf, muka kai bulok wurin masu injin yankan ƙarfe suka faɗaɗa silinda da 0.030 na inci, ya tashi daga 350 ya koma 355. Sabbin fistin, sabbin ringi, sabon mital. Ranar da za mu tayar da shi yaron ne ya riƙe totur, ni kuma idona na kan agogon mai. Bugu biyu ya kama. Wani dattijo maƙwabcinmu da bai taɓa wuce gaisuwa da ni ba ya taho har bakin gareji, ya tsaya yana saurare har muka kashe. Yau shekara shida ke nan, ban sake buɗe cikin injin nan ba.

Ba kuma sa'a ce kawai na taka ba, ƙirar ce haka. Chevrolet ta fito da wannan zuri'ar inji a 1955 da girman 265, sai 283 a 1957, sai 327 a 1962, shi kuwa 350 ya fara bayyana a cikin Camaro ta 1967. An ƙera su miliyoyi, shi ya sa duk shagon kayan mota da ka shiga za ka samu gaskit ko famfon ruwansa a kan kanta. Bawul ɗinsa a sama suke cikin kan inji, iska na shiga tana fita ba wahala, kuma karanshaf ɗinsa a kan mazauni biyar yake kwance.

Wajen saiti ne mutane ke ɓata shi da hannunsu. Kada ka biye wa masu son katon kafireta. Mai CFM 600 (ma'aunin iskar da yake zuƙa a minti) ya ishi motar titi, wanda ya fi haka sai ya sa ta riƙa shaƙewa in ka taka daga tsaye. Haka kamshaf: mai tsananin zafi daɗin ji gare shi a silo, amma a cunkoson gari zai gallabe ka. In kana da hali nemi kawunan inji na Chevrolet da ake kira Vortec, da suka fito a 1996, masu lambar da ta ƙare da 062 ko 906, sai dai ka sani sai ka haɗa da manifol irin nasu, tsohon ba zai zauna ba. Jerin wutar filogi 1-8-4-3-6-5-7-2 ne, ka rubuta a bangon gareji, domin wayar 5 da ta 7 maƙwabtan juna ne, an sha musanya su. Tayimin kuma ka cire tiyon iskan distributa ka toshe, ka kai inji wajen juyi 3,000 a minti, ka nemi digiri 34 zuwa 36. Kawunan Vortec sun fi son ƙasa da haka kaɗan. Abin da ba na so ka yi wasa da shi shi ne tashin farko. In kamshaf ɗinka irin na da ne mai shafaffen tafet (ƙarfen da ke gogar kamshaf yana tura bawul), ka zuba baƙin mai mai sinadarin zinki, kuma yana kamawa ka riƙe shi tsakanin juyi 2,000 da 2,500 na minti 20 zuwa 30. Ka bar shi a silo a wannan lokacin, kamshaf zai cinye, garin ƙarfen ya bi mai ya shiga ko'ina, aikin hunturu ya tashi a banza.

Aibinsa ɗaya da na sani a tsohuwar Ford: distributa a baya yake, babban nan mai koyil a cikin murfinsa, da ake kira HEI, yakan tokare bangon da ya raba inji da mazaunin direba. Ƙaramin distributa yana raba wannan gardama.

Flathead kuwa, to, kyau dai yana da shi, ba mai musu. A 1932 ya fito, shi ne ya bunƙasa harkar ƙara wa tsofaffin motoci ƙarfi, kuma in aka jera masa kafireta Stromberg 97 guda biyu da kawunan alminiyam na Offenhauser ko Edelbrock, kowa sai ya waiwaya. Amma da ƙarfin doki 65 ya fara, har aka daina yin sa a Amurka a 1953 na Ford bai yi nisa da 100 ba. Mazaunin karanshaf uku ne, hayaƙi kuma ta cikin bulok yake ratsawa kafin ya kai salansa, shi ya sa zafi ba ya rabuwa da shi duk da famfon ruwa biyu. Kuɗin da za ka zuba ka kai shi doki 200, da rabinsu 350 zai wuce nan.

Na taɓa sayen ɗaya, ƙirar flathead da ake kira 8BA, a kasuwar tsofaffin kayan mota, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci. Mai shi ya shafe shi da jan fenti yana ƙyalli, ya rantse mini cewa bai daɗe da sauka daga mota mai tafiya ba. Da aka wanke aka yi masa gwajin maganaɗisu, sai ga tsaga daga mazaunin bawul har cikin silinda, wuri biyu. Na koma ban same shi ba.

Saboda haka ka yi hattara da masu sayarwa, ko wanne ka zaɓa. Sabon fenti a kan tsohon inji abin tuhuma ne. A ɓangaren Chevy, babbar damfarar ita ce a miƙo maka 305 a ce 350 ne, don daga waje kamar an tsaga kara. Faɗin silindar 350 inci 4 ne cif, ta 305 kuwa 3.736. Ka duba lambar da aka zuba a bayan bulok ta gefen direba, inda giyabos ke haɗuwa. 3970010 tana cikin sanannun lambobin bulok mai inci 4. In ya ce maka mai noti huɗu ne a mazaunin karanshaf, a kwance kaskon mai ka ƙirga da idonka, lamba ba ta tabbatar da wannan. Wanda ya ce an yi wa inji garambawul, ya kawo rasit. Kuma ku yi sharaɗi tun kafin kuɗi su bar hannunka: in gwaji ya nuna tsaga, kaya na mai shi ne.

In ka samu bulok na 1987 zuwa sama wanda aka yi wa gurbin kamshaf mai ƙananan tayoyi, shi za ka fifita, ya raba ka da fargabar tashin farkon nan. Kafin ka biya, turo mini hoton lambar bayan bulok in duba maka.