Bahon jarirai mai naɗewa: agogonsa ya kusa sa na ƙona 'yata

Ina da ciki wata bakwai na sayi bahon nan a kasuwar Balogun da ke Legas, irin wanda ake naɗewa, mai ɗan agogo a gefe da ke nuna zafin ruwa. Ciki da falo muke haya a Agege, babu inda za a ajiye babban bahon roba. Wannan kuwa sai a naɗe shi a rataye bayan ƙofa. Ta nan ba ni da ƙorafi.

Kwanakin farko bayan haihuwa ko taɓa shi ba mu yi ba. A asibiti sun ce kada a tsoma jaririyar cikin ruwa sai cibiya ta faɗi, don haka goge ta muke yi da tsumma mai laushi, muna shafa mata maganin cibiya da suka ba mu. Ranar da ta cika kwana tara cibiya ta faɗi, washegari na ɗauko baho ina ɗoki.

Na fara zuba ruwan jarka, na sirka da na tukunya, idona a kan agogo har ya tsaya a 37, daidai zafin jikin mutum, yadda nas ta faɗa mana. Na tuɓe mata riga, na tallabo kanta, ƙafarta saura kaɗan ta taɓa ruwa, sai Inna, da ta zo daga Katsina don wankan jego, ta ce, "Dakata, 'yar nan. Ba kya ganin tururi?" Ta tsoma gwiwar hannunta ta janye da sauri. "Innalillahi! Wannan ai ruwan mai jego ne, ba na jinjiri ba." Ni ma na tsoma. Wallahi sai da fatata ta yi ja. Na zauna bakin gado rungume da yarinya jikina na rawa, agogon kuwa yana nan a 37 ɗinsa.

Da dare maigida ya juya bahon ya gano dalili. Abin da ke auna zafin a can ƙasa yake, kusa da marfin zubar da ruwa. Ruwan sanyi ƙasa yake kwanciya, mai zafi ya taso sama, inda fatar jariri ke fara shiga. Da muka juya ruwan sosai da hannu, sai lambar ta haura. Na ɗan huce, na ce ashe ba lalatacce ba ne.

Amma da na tuna ko 'yar takardar bayani babu a kwalin, raina ya sake ɓaci. Uwa nawa ce za ta yarda da lambar nan alhali babu tsohuwa a kusa da ita? Ga shi laimar Legas ta sa baƙin fumfuna ya fito a lungunan naɗin cikin sati uku, kullum ina fama da buroshi. Na koma wurin mai shagon na ba shi labari, ko kallona bai yi da kyau ba, ya ce kayan da aka jiƙa ba ya dawowa.

Har yanzu a ciki nake mata wanka, tunda kuɗina ne. Ruwa kaɗan nake zubawa, iya ƙugunta, tawul da sabulu duk a gefena kafin in fara don kada in ɗaga ko na daƙiƙa ɗaya. Agogon kuma Inna ta liƙe shi da filasta tun kafin ta koma gida.